Gidan Haya Na Farko: Da Sunanka Ko Da Sunan Kamfani?

Tun da aka sauƙaƙa rajistar kamfani a ƙasar nan, har ta kai mutum na iya cike takardunta daga kwamfutarsa ko wayarsa, wata shawara ta yaɗu a tsakanin ma'aikata da 'yan kasuwa masu tasowa: wai kada ka kuskura ka sayi gidan haya da sunanka, ka fara buɗe kamfani tukuna. Ana faɗinta a ofis, ana faɗinta a rumfar ɗaurin aure, kuma da irin tabbacin da mutane ke faɗin abin da ba su taɓa gwadawa ba. Masu karatu sun sha aiko mini da tambaya a kanta, kuma akasarinsu ba attajirai ba ne. Akwai malamar da ta tara adashin shekaru, akwai wanda ya karɓi kuɗin sallama bayan ritaya, akwai 'yan uwan da suka haɗa abin da suka gada. Kuɗin da ke hannunsu shi ke nan, idan ya salwanta babu wani a bayansa. Saboda haka tambayar ta cancanci a zauna a kanta.

Ga inda na tsaya, tun kafin in kawo hujja. Wanda zai sayi gida ɗaya da kuɗinsa shi kaɗai, yana kuma nufin ya riƙa cin kuɗin hayar, ya saya da sunansa. Waɗanda za su haɗa kuɗi su saya, ko da kuwa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, su buɗe kamfani kafin su biya ko sisi. Tsakanin waɗannan biyun akwai mutum na uku da zan zo kansa. Abin da ya haɗa su duka shi ne lokacin yanke shawarar: kafin a rubuta suna a takarda ake yanke ta, domin a dokar ƙasa ta Najeriya sauya suna daga baya ciniki ne sabo.

Mu fara da sanin mene ne kamfanin. A Landan an yi wani mai sana'ar takalma, Aron Salomon, wanda a 1892 ya mayar da sana'arsa kamfani. Dokar Ingila ta lokacin tana buƙatar mutum bakwai, sai ya ba matarsa da 'ya'yansa biyar hannun jari ɗai-ɗai, ya riƙe sauran. Ba a jima ba kasuwa ta karye, masu bin kamfanin bashi suka ce ai kamfanin Salomon ne a cikin wata riga, don haka ya biya su daga aljihunsa. Shari'a ta kai Majalisar Dattawan Ingila, wadda ita ce kotun ƙoli a wancan zamani, ta ce a'a: da zarar an yi wa kamfani rajista bisa ƙa'ida, ya zama mutum dabam a idon doka, da dukiyarsa da bashinsa. Wannan hukunci, da ake ambata da shekarar 1897, shi ne tushen da dokar kamfanoninmu ta ginu a kai, kuma har yau da shi ake fara koyar da ɗaliban lauya wannan fanni. Duk alherin kamfani daga nan ya fito, duk wahalarsa ma daga nan. Masu ba da shawarar da na ambata rabin farko kawai suke faɗa.

Dokar kamfanoni ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Agustan shekarar, ita ta buɗe ƙofar da ake ta tururuwa a cikinta yanzu. A da sai mutum biyu ke kafa kamfani, yanzu mutum ɗaya ya isa. Mafi ƙarancin jarin da za a rubuta wa kamfani mai zaman kansa Naira 100,000 ne, kuma an ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajibcin ɗaukar sakatare. Sai dai a nan akwai wani rami da mutane da yawa ke faɗawa. Hukumar CAC tana yin rajistar kamfani, tana kuma yin rajistar sunan kasuwanci, kuma a bakin jama'a duka biyun "kamfani" ake ce musu. Sunan kasuwanci laƙabi ne kawai da mutum ke sana'a da shi. Ba mutum ba ne a doka, ba ya mallakar fili da sunansa, ba ya kuma kare mai shi daga bashi. Wanda ya rubuta takardar gida da irin wannan suna ya sayi rigima da kuɗinsa, domin ya damƙa gidan ga wanda doka ba ta san da zamansa ba. Kafin komai, a duba takardar rajistar a ga wace iri ce.

Me ya sa na nace a kan lokaci? Saboda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, ta sanya duk ƙasar da ke jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Mu a Arewa tsarin ba baƙo ba ne, domin dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta riga ta bi wannan hanya. Abin da kake saya idan ka sayi gida shi ne haƙƙin zama a kan filin, wanda takardar shaidar mallaka, wato satifiket, ke tabbatarwa, galibi na shekara 99 idan na zama ne. Sashe na 22 na dokar ya ce ba za ka sayar da wannan haƙƙi ko ka jinginar da shi ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka yi ba bisa ƙa'idar ba, babu shi. Kotun Ƙoli ta nuna cewa ba wasa ake yi ba a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, inda jinginar da banki ya riƙe ta rushe saboda ba a nemi amincewar gwamna ba, duk da cewa an karɓi kuɗin bankin.

To, ka sayi gida da sunanka bana, ka biya kuɗin neman amincewa, da harajin kan sarki, da kuɗin rajista a ofishin filaye, da na lauya. Bayan shekara biyu ka ce za ka mayar da shi sunan kamfaninka. A zuciyarka daga aljihun dama ka mayar aljihun hagu. A wajen KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, mutum ne ya miƙa wa wani mutum fili, don haka a sake bin layi, a sake biya, kuma bisa ƙimar gidan ta ranar, ba ta ranar da ka saya ba. Kowace jiha da nata ma'aunin, amma ko'ina da kaso ake lissafawa, kaso kuwa a kan miliyoyi ba ƙaramin kuɗi ba ne. Haka abin yake idan aka juya: wanda ya saya da sunan kamfani ya dawo yana son gidan da sunansa, shi ma hanyar ke nan. Wannan ne kaɗai ɓangaren shawarar da na yarda da shi ɗari bisa ɗari, cewa tambayar ta gaban ciniki ce.

Yanzu mu zo ga garkuwar da ake tallatawa. Ana cewa kamfani zai kare ka. Daga me? Idan kamfanin ba shi da komai sai gidan nan ɗaya, duk wanda ya ci nasara a kansa a kotu gidan zai kama, gidan kuwa shi ne dukiyar da ka kwashe shekaru kana tarawa. Abin da garkuwar ke karewa shi ne sauran kayanka: gidan da kake zaune, motarka, albashinka. Wannan kariya ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Amma a tambaya, wace irin musiba ce gidan haya mai ɗaki shida zai jawo da za ta wuce ƙimarsa har ta biyo ka gida? Gobara, ko rushewar gini a kan 'yan haya, ko rijiya ko wayar wuta da ta hallaka ɗan wani. Waɗannan kuwa maganinsu na farko gyara ne a kan lokaci, na biyu inshora. Tun dokar inshora ta 2003 aka wajabta yi wa ginin da 'yan haya ke zaune inshora, ko da yake kowa ya san yadda ake bin wannan doka a unguwanninmu. Ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful da ke aiki a ƙasar nan. Inshora tana biyan wanda ya cutu, tana kuma mayar maka da gininka. Kamfani ba ya yin ko ɗaya daga ciki. Kuma idan sakacinka ne da hannunka ya jawo ɓarnar, ko aka ga an fake da kamfanin don a yi zamba, kotu tana da ikon ta ɗaga labulen ta dube ka kai tsaye.

Bashi fa? Wanda ke zaton sabon kamfani zai sauƙaƙa masa rance bai taɓa zama gaban manajan banki ba. Kamfanin da aka haifa jiya ba shi da tarihin shige da fice, don haka abu na farko da banki zai nema shi ne darakta ya tsaya masa da kansa, ya sa hannu cewa idan kamfani ya gaza shi zai biya. Da wannan sa hannu garkuwar ta tafi. Rancen asusun gidaje na ƙasa da Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke kula da shi, mai ruwa kashi 6 cikin ɗari, na ma'aikacin da ke zuba gudummawa ne don ya mallaki wurin zama, ba a tsara shi don kamfanin haya ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, idan kai ne ake bi bashi a wata sana'arka, hannun jarinka a kamfanin dukiya ce da mai bin ka zai iya nema ta hanyar kotu. Hanyar ta ɗan yi tsawo, amma tana kaiwa.

Akwai wata shari'a da nake so duk mai shirin buɗe kamfanin gida ya sani, domin ita ce ɗaya bakin wuƙar Salomon. Wani mai gandun daji a Ayalan, Macaura, ya sayar wa kamfaninsa katakon da ke gandun, kamfanin da kusan duk hannun jarinsa nasa ne. Sai ya yi wa katakon inshora da sunansa na kansa. Gobara ta cinye katakon, ya je karɓar diyya, kamfanonin inshora suka ƙi. A 1925 kotun ƙolin Ingila ta ba su gaskiya: katakon ba nasa ba ne, na kamfani ne, kuma ba ka yi wa dukiyar wani inshora ka karɓi kuɗi. Ka mayar da wannan kan gidanka. Ranar da aka rubuta sunan kamfani a satifiket, gidan ya daina zama naka. Kuɗin haya ba naka ba ne, sai ya shiga asusun kamfani, ya fito ta hanyar da doka ta sani, ko albashin darakta, ko rabon riba, ko biyan bashin da ka ba kamfanin a rubuce. Yarjejeniyar haya da sunan kamfani za a yi ta, rasit da sunansa, takardar tashi da sunansa, ƙarar ɗan hayar da ya ƙi biya da sunansa. Mu kuwa mun saba ɗan haya ya tare mai gida a ƙofar masallaci ya miƙa masa kuɗi, mai gida ya wuce kasuwa ya sayo buhun shinkafa. Wanda ya san haka zai ci gaba da yi, ya sayi ɗawainiyar kamfani bai sayi kariyarsa ba, domin ranar da aka je kotu wannan cakuɗa ita lauyan abokin shari'a zai fara nunawa.

Ɗawainiyar kuma ba ta ƙarewa. Kowace shekara sai an miƙa wa hukumar CAC bayanin shekara, sai an miƙa wa hukumar haraji lissafi, ko an ci riba ko ba a ci ba, ko akwai harajin biya ko babu. Jinkiri yana da tara, tarar kuma taruwa take yi. Doka ta ba hukumar ikon goge kamfanin da ya shekara goma a jere bai miƙa bayani ba, kuma a 2023 ta sanar da shirinta na goge kamfanoni dubu ɗari. Ga kamfanin da aka buɗe don neman kwangila aka manta da shi, gogewar ba ta da zafi. Ga wanda ke riƙe da gida, bala'i ce, domin dukiyar kamfanin da aka rushe doka tana ɗaukarta a matsayin marar mai ita, ta koma hannun hukuma, sai an je kotu an nemi a raya kamfanin. Ka yi tunanin magadan da suka buɗe akwatin mahaifinsu suka tarar da satifiket da sunan kamfanin da aka goge shekaru uku da suka wuce.

Batun haraji shi ne wanda aka fi kambamawa, don haka mu sa masa lissafi. Dokar kuɗi ta 2019 ta yafe harajin riba ga kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce Naira miliyan 25 ba. Sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda aka tsara su fara aiki a Janairun 2026, sun ɗaga wannan iyaka, amma sun ƙara sharaɗi: kadarorin kamfanin kada su wuce Naira miliyan 250. Gida kuwa kadara ce, don haka mai sayen bene a tsakiyar Abuja ya lura. Mutum ɗaya kuma an yafe masa Naira 800,000 na farko a shekara, abin da ya haura ana caje shi hawa-hawa daga kashi 15 har zuwa 25. A ɗauka ma'aikaci ne da albashinsa ya riga ya kai shi matakin kashi 18, gidansa kuma yana kawo Naira miliyan 2.4 a shekara bayan an cire gyara. Da sunansa harajin zai kai Naira 432,000. Da sunan ƙaramin kamfani babu harajin riba, amma idan ya fitar da kuɗin a matsayin rabon riba za a cire kashi 10, wato Naira 240,000. Bambancin Naira 192,000 ne. Daga ciki a cire ladan akanta, da kuɗin bayanin shekara, da cajin asusun kamfani, da ranakun da za a ɓata a ofisoshi. Abin da ya rage bai kai a gina rayuwa a kansa ba. Kuma ranar da kamfanin ya fita daga sahun ƙanana, kashi 30 ne ke jiransa, har a kan ribar sayar da gidan.

Lissafin yana sauyawa ne ga mutum na ukun da na yi alkawari: wanda ba ya buƙatar kuɗin hayar don cefane, yana so ya bar su su taru ya sayi gida na biyu da na uku. Shi kuɗinsa na iya zama a cikin ƙaramin kamfani ba a taɓa su ba, su haifi wani gidan, kuma ɗawainiyar shekara ɗaya ce ko gida ɗaya ne ko biyar. Idan kuma gini zai riƙa yi yana sayarwa, da leburori da 'yan kwangila da masu biyan kafin alƙalami, to haɗarinsa ya wuce ƙimar gida ɗaya, garkuwar ta zama mai amfani. Sharaɗin kawai shi ne ya yi wa kansa gaskiya. Kowa yana cewa wannan na farko ne, wasu na tafe. Wanda ya san daga ina kuɗin na biyun za su fito, kuma a wace shekara, ya buɗe kamfani. Wanda fata kawai yake yi, ya saya da sunansa, in Allah Ya hore na biyun sai ya buɗe kamfani ya fara da shi, na farkon ya zauna inda yake.

Ma'aikacin gwamnati yana da nasa ƙarin abin dubawa. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci shiga gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Mallakar gida da karɓar hayarsa abu ne da aka saba, riƙe hannun jari ma haka, amma zama darakta mai tafiyar da kamfani ya shiga wani babi. Kamfanin mutum ɗaya kuwa, wane ne daraktansa in ba mai shi ba? Sai ka ga an sa mata ko ƙane a kujerar, an damƙa masa sa hannun asusu, an buɗe wata ƙofar rigimar da ba ta nan a da. Masu neman kamfani don su ɓoye sunansu kuma sun makara. Dokar 2020 ta wajabta bayyana duk mai riƙe da kashi 5 cikin ɗari ko fiye, kuma tun 2023 akwai rajistar da kowa ke iya dubawa a intanet. Fom ɗin bayyana kadarori ma yana tambayar hannun jari kamar yadda yake tambayar gidaje.

Inda nake ganin kamfani ya zama dole shi ne inda aljihu ya wuce ɗaya, kuma abin mamaki nan ne mutanenmu suka fi gudunsa. A ɗauki 'yan uwa huɗu da suka haɗa Naira miliyan 40: babban yaya ya kawo 16, wadda ke aure a wani gari ta kawo 10, wanda ke aiki a Saudiyya ya turo 8, auta ya kawo 6. Abin da aka saba shi ne a rubuta sunan babban yaya, "ai Yaya ne, ba komai." Kuma da gaske ba komai muddin Yaya yana raye, yana da lafiya, ba a bin sa bashi. Ranar da ya rasu, takarda ta ce gidan nasa ne, matansa da 'ya'yansa suna da hujja a hannu, ƙannensa kuma sai neman shaidu a kan kuɗin da aka tura shekara goma da suka wuce. Zumuncin da aka ƙi rubutu don a kiyaye shi, rashin rubutun ne ke kashe shi. Za a iya jera sunayen huɗun a takardar filin, amma daga nan duk wanda zai fita sai an koma neman amincewar gwamna, kuma takardar ba ta faɗin wa zai karɓi haya ko wa zai yanke shawarar sauya rufi.

A kamfani kuwa kowa yana da kasonsa a rubuce: 40, 25, 20, 15 cikin ɗari. Idan auta ya matsu yana son kuɗinsa, hannun jarinsa zai sayar, gidan bai motsa ba, mai shi bai sauya ba, don haka ba a koma ofishin filaye ba. Idan ɗaya ya rasu, kasonsa ne kawai ke shiga gado. Sai dai takardar rajista ita kaɗai ba ta wadatar. Ana buƙatar yarjejeniya tsakanin masu hannun jarin, a rubuta ta tun ana dariya: idan wani zai sayar, 'yan uwa za a fara yi wa tayi, wa zai ƙiyasta farashi, kashi nawa na haya za a ware don gyara kafin a raba, sa hannun mutum nawa ke fitar da kuɗi, idan ɗaya daga cikinsu yana son zama a gidan, nawa zai biya. Wannan na ƙarshen shi ne wanda ake jin kunyar faɗa, kuma shi ne ya fi raba kan 'yan uwa. A kuma sani cewa rigima a kan tafiyar da kamfani Babbar Kotun Tarayya ke sauraronta, ba alƙalin unguwa ba, da tsadarta da jinkirinta. Saboda haka yana da kyau a rubuta sunan wanda za a fara kai wa sulhu kafin a tafi can.

Game da gado, akwai masu zaton kamfani hanya ce ta kauce wa rabo. Ba haka ba ne. Hannun jarin mamaci yana cikin abin da ya bari, za a raba shi bisa tsarin da ya hau kansa, Musulmi bisa shari'ar Musulunci, kamar yadda za a raba shanunsa da gonarsa. Alherin da kamfani ke yi a nan shi ne hannun jari ya fi bulo sauƙin rabuwa: ana iya fitar wa mata tumuninsu, a ba kowane ɗa kasonsa, ba tare da an kira dillali an karya farashin gidan don a raba kuɗi ba. Amma akwai tarko biyu. Na farko, hannun jarin da ka rubuta wa matarka ko ɗanka "don a cike takarda" nasu ne na gaske, ko aure ya mutu, ko ɗan ya bijire, kuma kyauta ce da ke da hukuncinta a tsakanin 'ya'ya, wanda ya kamata a tambayi malamai kafin a yi. Na biyu, kamfanin da mai shi ɗaya ne kuma shi ne darakta, idan ya rasu sai ya zama jiki ba kai: babu mai sa hannu a asusu, babu mai sabunta haya, har sai magada sun samo takardar kotu an shigar da su. Wanda ya zaɓi kamfani ya sa darakta na biyu da ya amince da shi tun yana raye. Masu rubuta gida da sunan ƙaramin yaro kuma su tuna sashe na 7 na dokar 1978, wanda ya hana gwamna ba wanda bai kai shekara 21 ba haƙƙin fili sai ta hannun waliyyi ko amintaccen da aka naɗa bisa ƙa'ida.

Akwai wani abu da ke ba ni takaici a duk wannan muhawara. Mutumin da ya damu da ko ya buɗe kamfani, sau da yawa gidan da zai saya ba shi da komai sai takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu biyu, kuma bai taka ofishin filaye ya bincika ba. Kamfani ba ya gyara gurguwar takarda. Idan mai sayarwa ɗaya ne daga cikin magada goma da ba a raba musu ba, ko satifiket ɗin yana jingine a banki, ko filin yana kan hanyar da gwamnati ta shata, to ko da sunan wa aka saya an yi asara. Kuɗin farko da ya kamata su fita daga hannun mai saye su ne na lauyan da zai yi bincike da safiyon da zai auna, ba lauyan mai sayarwa ba, ba kuma wanda dillali ya kawo ba, tunda dillali la'adarsa tana ga a gama ciniki.

Wanda ya auna duk wannan ya ga kamfanin ne ya dace da shi, to ya bi jerin yadda yake. A kammala rajista tukuna a karɓi takarda, a samo lambar haraji, a buɗe asusu da sunan kamfanin, kowane mai hannun jari ya zuba kasonsa a ciki daga asusunsa, sannan kuɗin gidan su fita daga nan zuwa asusun mai sayarwa. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana biyan tsabar kuɗi sama da Naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani, ba ta hanyar banki ba, don haka zamanin zuwa ciniki da jakar Ghana-mas-go ya wuce, kuma shaidar banki ita ce za ta tsaya maka ranar da shaidun baka suka mutu. A takardar ciniki a rubuta sunan kamfanin harafi da harafi yadda yake a takardar rajista, tare da lambarsa. Idan mai sayarwa yana gaggawa kuma rajista ba ta fito ba, lauya ya rubuta yarjejeniyar kafin alƙalami da ta ce takardar ƙarshe za ta fito da sunan kamfanin, a biya wani abu a riƙe cinikin, a jira 'yan kwanakin.